Jirgin Tsuruoka Mai Aski

"Ba haka ba! Rage gawayin, za ki shaƙe wutar!"

Michiyo ta ɗago kai daga inda take tsugune, ɗan cokalin ƙarfe a hannunta, ta harari baranda inda tsohon maƙwabcinta yake. "Tsuruoka-san, ka ƙara yi mini ihu ka gani. Sai in ajiye maka cokalinka in koma gidana."

Tsohon ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari. Yana zaune cikin kujera da bargo a cinya, siririyar roba ta ratsa ƙarƙashin hancinsa ta wuce cikin ɗaki, inda injin iska mai taimaka masa numfashi yake gurnani a hankali. Tun da huhunsa ya gaza, likita ya gindaya masa sharaɗi: muddin robar nan tana hancinsa, kada ya kusanci wuta, ko ta ashana ce. Ga shi kuwa mutumin da duk unguwa ta san shi da hura wuta kowace Lahadi.

Aski ne sana'arsa, amma ɗan ƙaramin jirgin ƙasansa mai tururi shi ne ransa. Da hannunsa ya ƙera shi a rumfar bayan shago, ƙusa bayan ƙusa, tun 'yarsa Kazue tana goye har ta gama sakandare. Kan jirgin bai kai tsawon mutum ba, amma yana cin kwal yana shan ruwa kamar manyan, yana kuma jan tarago da mutum a kai. Layin dogonsa ya zagaye gidan, ya bi ta gindin shingen da ya raba su da Michiyo. Shekara da shekaru suna faɗa a kan shingen nan, don hayaƙinsa ba ya barin zanin gadonta da fari. Matarsa Sumie ce mai shigowa da ɗan kwanon wainar shinkafa tana ba da haƙuri. Yanzu Sumie ta rasu, mijin Michiyo ma ya rasu, Kazue kuma tana aiki a birnin Nagoya, sai ƙarshen mako take leƙowa.

Shi ya roƙi Michiyo da kansa ta hura masa wutar jirgin. Ya ce ba ya son komai, yana so dai ya ji ƙanshin tururi kafin sanyi ya shigo.

Ta zuba gawayin da aka jiƙa da kananzir ta ƙaramar ƙofar murhu, ta ɗora 'yar fanka a bakin bututun hayaƙi kamar yadda ya ce, wuta ta ja. Ta bi sandunan ƙafafun da man inji, ɗigo-ɗigo.

"Ruwa fa? Duba gilashi."

"Yana tsakiya."

"Tsakiyar gaske, ko tsakiyar da kike faɗa in kin yanka mini kankana?"

"Ai ka ci ba ka mutu ba."

Maganar ta riga ta fita kafin ta kama ta. Shi kuwa ya ji daɗinta ƙwarai, har yana buga hannun kujera.

Allurar ma'auni ta fara ɗagawa. Jirgin ya soma wani ɗan kuka daga ciki kamar buta ta kusa tafasa. Ta cire fankar, ta buɗe famfon da ya nuna mata, ta ƙara kwal cokali biyu, sai tururi ya fashe ta sama da ƙara har ta faɗi zaune a kan tsakuwa. Tana karkaɗe siket ne ta lura cewa gidan ya yi tsit. Gurnanin injin iska ya tsaya.

Da ta waiga, Tsuruoka yana tsaye a matakalar baranda, ya dafa ginshiƙi. Robar tana rataye a hannun kujera.

"Na kashe shi tun ɗazu," ya ce. "Na ma canja riga, babu sauran iskar injin a jikina. Zagaye ɗaya, Michiyo-san."

"Ka koma ka zauna."

"Ɗaya tak."

"Kazue ta bar mini kai amana. In ka faɗi a bayan rumfa, da wane baki zan yi mata bayani?"

"Ki ce tsohon ya fi ƙarfinki."

Bai fi ƙarfin kowa ba. Wandonsa ma da ƙyar yake zaune a ƙugunsa. Ta san in ta ce a'a zai koma kujera ba musu, kuma ba zai sake tambaya ba, don shi mutum ne da ba ya roƙo sau biyu. Ta dube shi, ta dubi jirgin yana huci, sai ta goge hannu a gaban rigarta ta je ta kamo shi ta hammata.

Ya zauna a gaban tarago, ita a bayansa, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa, ta zagaye cikinsa da hannu biyu. Yatsunsa da suke rawa in ya ɗauki kofin shayi, da suka sauka kan ɗan hannun tuƙi sai suka natsu. Jirgin ya fesa tururi ta gefe biyu, ya yi tsaki, ya motsa.

Ba ta taɓa sanin haka gidan yake daga ƙasa ba. Tukwanen furen Sumie suka wuce daidai fuskarta, sai bututun ruwan sama, sai shingen, ta hango takalmanta na lambu ta ƙarƙashinsa. A hawan bayan rumfa ƙafafun jirgin suka zame suna juyawa a banza, tsohon ya sassauta masa, ya ba shi kaɗan-kaɗan har ya kama. Ta bayansa take jin numfashinsa, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Da suka fito gaban gida ya ja igiyar usur, ƙarar ta tashi siririya ta bi kan gonakin shayi. Karen gidan maƙwabcinsu Ebihara ya amsa.

A bakin baranda ya tsayar. Leɓunansa sun yi shuɗi. Rabi ta ja shi, rabi ta ɗauke shi, ta zube shi a kujera, ta kunna injin, ta maƙala masa robar. Ta durƙusa tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ba ta san tsawon lokacin ba. Can sai ya buɗe ido.

"Ruwa," ya ce.

Ta zabura za ta ɗauko kofi.

"Ba ni ba. Jirgin."

Ta zage shi, zagin da ba ta taɓa yi wa namiji ba, sannan ta je ta buga famfon ruwa har gilashi ya cika. Daga kujera ya faɗa mata sauran da 'yar muryar da ta rage masa: ta zare ƙarfen ƙasa garwashi ya zube, ta bari ya ɗan huce, ta buɗe ƙasan tukunya ruwan ya fita tas, ta goge jiki da tsumman mai.

Da la'asar Kazue ta iso. Ta gaishe su, ta gyara wa ubanta bargo, idonta ya tsaya a kan baƙin toka a wuyan rigarsa. Da ta raka Michiyo bakin ƙofa, sai ta tambaye ta.

"Baba ya hau?"

"Ya hau. Ni na yarda masa."

Michiyo ta shirya jin duk abin da za a faɗa mata.

"Ya bar ki kin riƙe cokalin kwal?" Kazue ta tambaya. "Ni har na girma bai taɓa bari na taɓa shi ba." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bayan hannu, ta sunkuya mata sosai.

Ba a sake hura wutar ba. Da sanyi ya shigo, Tsuruoka ya daina fitowa baranda, Kazue ta ɗauki hutu ta dawo gida. Michiyo takan kai kunun shinkafa da safe, ya sha cokali uku ya ce gishiri ya yi yawa, ko ya yi kaɗan. Wata rana bai yi ƙorafin gishiri ba, ya sha ɗaya ya gode mata, abin ya tsaya mata a rai har yamma.

Washegari tana share ƙofar gida ta ga Kazue ta fito da silifas na cikin ɗaki, gashi ba gyara. Ta tsaya a bakin titi ta ce, "Baba ya tafi, yanzun nan. Ina goge masa fuska." Michiyo ta jingine tsintsiya, ta kama hannunta, suka shiga tare.

Bayan an gama zaman makoki, abokansa na ƙungiyar masu ƙananan jirage suka zo da mota, duk tsofaffi, kowa da hularsa a hannu. Suka kunna turare a gaban hotonsa, sannan mutum huɗu suka cicciɓi kan jirgin suna nishi, za su kai shi filin shaƙatawa inda suke ɗaukar yara ranar hutu. Suka kwance dogon, suka ɗaure shi dami-dami. Kazue ta rufe tagogi ta koma Nagoya.

Inda layin yake sai ya bar wata siririyar hanya ta farar tsakuwa da ta zagaye gidan. Da ɗumi ya dawo, ciyawa ta fara tsirowa a cikinta nan da can, kuma da hantsi tsuntsaye sukan sauka a gefen da rana take bugawa, su tona ramuka, su yi birgima a ƙura.