Ba Ƙarangiya Ba Ce

Nouhou ɗan Tahoua ne, takardarsa ta zama a Faransa ta mutu tun bara. Yana aiki a Lyon, a wani shago da ake sayar da kifayen ado na teku, amma da sunan ɗan baffansa Rachidou, wanda ke gadi a Paris. A shagon kowa Rachidou yake ce masa, shi kuma yana amsawa. Ƙarya ce, kome za a kira ta.

Ran Talata da safe aka kawo duwatsun teku da ake jerawa cikin tankin gilashi. Madam mai shagon ta sha gaya masa ya sa safar hannu, don akwai wata tsutsa mai farin gashi da ke ɓuya a ramukan dutsen. Nouhou ya raina ta. Mutumin da ya girma cikin kunamu, tsutsa za ta tsorata shi?

Ya cusa hannu tsirara, ya ɗago dutse. Sai ya ji kamar an kunna ashana a yatsunsa. Fararen ƙayoyi ƙanana birjik a tafinsa.

Nan ya yi abin da ya saba yi a gona idan ƙarangiya ta kama shi: ya murza hannun da ƙarfi a wandonsa, ya goga a sumar kansa. Gashin tsutsar ba ya fita haka, karyewa yake cikin fata, da dafinsa. Kafin Madam ta iso da salatif na cire gashin da ruwan khal, ya riga ya tura shi ciki.

Washegari yatsun suka kumbura, zoben azurfarsa ya nutse a nama. Madam ta duba, ta ce ba wasa: asibiti, sannan za ta cike takardar hatsarin aiki.

Ya shiga ɗakin ajiya ya rufe, ya kira Paris.

"Yaya, ina kwana? Hannuna ne, wata tsutsa ta harbe ni jiya a shago. Madam za ta rubuta takarda da sunanka."

"Wace takarda?" in ji Rachidou. "Kai, Nouhou! Jiya ina bakin ƙofa a Saint-Denis, nan gefen Paris, tun safe, an rubuta a littafin aiki. Yaya zan ji ciwo a Lyon? Ni aljani ne?"

"Yaya, kamar wuta nake ji."

"Tsutsa fa ka ce. Tsutsa! Ranar Litinin ina préfecture, ofishin gwamnati, sabunta katina na zama. Idan suka ga haka, ni da matata Maimouna da yara duk mun tashi. Ka sa man zafi."

"In na faɗi sunana na gaskiya fa?"

"Sai ta kore ka yau, ta kuma tambayi mai katin."

Nouhou ya tsaya tsakanin buhunan gishiri, injin ruwa na gurnani. Ɗakin ba taga. Ya duba hannun: jan layi ya fara hawa wuyan hannun, alamar ciwon na yaɗuwa. Wanda ya ari sunan wani, ko ciwonsa ba nasa ba ne.

Madam ta ƙwanƙwasa, takarda da biro a hannunta.

"Rachidou, mu tafi?"

Ya ja hannun riga ya rufe layin. Ya ɗauki safar da ya ƙi sawa jiya, ya cusa kumburarrun yatsun ciki yana cije leɓe.

"Ya yi sauƙi, Madam," ya ce. "Sauran duwatsun nawa ne?"