Shuɗi a Bakin Almakashi

...kuma ai ba sata ta yi ba. Aro ne. Wa yake satar kayan ubansa? Ran Asabar kaɗai take ɗauka, ta mayar kafin yamma, ta naɗe shi cikin tsummansa yadda ta same shi, baki yana kallon bango — har wannan ma ta kiyaye. To me ya zaunar da ita a teburin kicin tun azahar, ta yi tsuru-tsuru kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya?

Almakashin yana gabanta. Babban almakashin Baba na yanka yadi, wanda gumin shekara arba'in ya cinye baƙin fentin hannunsa har ƙarfen ya fito fari. A gefe ga takardunta, shuɗi da rawaya da ja, ga kwalbar gam da ta manta a buɗe. Baba yana ɗaki. Tun da likitar gashin ƙashi ta tafi ya juya fuskarsa bango, abincin da ta kai masa yana nan ya yi sanyi.

Ta san dokar. Wannan ne abin da ke cin ta — ba za ta ce ba ta sani ba. Tana 'yar shekara bakwai ta yanko hoton kyanwa daga tsohuwar kalanda da wannan almakashin. Bai dake ta ba, da ma dukan ya yi. Ɗora ta ya yi kan kujerar keken ɗinki, ya ja yadi ya shimfiɗa, ya ce, “Auta, rufe idonki ki saurara.” Ƙirrr... daga wannan gefen tebur zuwa wancan, numfashi ɗaya. “Kin ji? Almakashin yadi ba ya cin takarda. Takarda kashe masa kaifi take yi.” Ranar har yamma yana wasa shi a kan dutse. Mama, Allah ya ji ƙanta, takan ce almakashin ne ɗan fari a gidan nan, Yaya ne ke bi masa.

Shekara ashirin da biyar ba ta ƙara taɓa shi ba. Sai bana.

Wata takwas ke nan da Baba ya faɗi a shago, ɓarin dama ya shanye. Wata takwas na wanka, da juya shi, da ƙirga ƙwayoyi a murfin kwalba, da safe ta tafi kantin maganin da take aiki ta ci gaba da ƙirga wa wasu nasu. Ita ce auta, ita ce ba ta da miji, saboda haka ita ce mai lokaci, haka kowa ya yanke ba tare da an yi zama ba. Yaya yakan zo ran Asabar ya zauna awa uku, rabin lokacin yana kan waya. Ta ce masa an saka ta aikin Asabar a kanti... An saka ta? Wa ya saka ta? Ita ta saka kanta, a ɗakin da ke saman laburare, inda aka liƙa takarda a ƙofa cewa ana koyar da haɗa hoto da yankakkiyar takarda.

Malama mai fenti a farce, ba na kwalliya ba. Ranar farko ta buɗe musu wani ƙaton littafi: ganyaye shuɗɗa, tsuntsaye, mutane masu rawa da ba su da fuska. Aikin wani tsohon mai zane ne na wata ƙasa, in ji ta, da ciwo ya zaunar da shi a keken guragu ya kasa tsayawa gaban allon zane, sai ya sa a shafa wa takardu fenti, shi kuma ya riƙa yankawa. Ga hotonsa ma, da gemu, takardu zube a ƙafarsa, almakashi a hannu. Babba. Irin na teloli.

Ta tuna abin da ta faɗa wa kanta a lokacin. Tsoho, mara lafiya, a kujera, da almakashi — ai Baba ne! Za ta koya ne don ta koya masa. Kai, Auta, kin iya yi wa kanki daɗin baki. Asabar goma sha ɗaya, ko ganye ɗaya ta nuna masa? A ƙarƙashin katifa take ɓoye su kamar wasiƙun saurayi.

“Kada ku zana da fensir,” Malama take cewa tana zagaya tebur. “Ku bar almakashi ya yi zanen. Takardar za ku juya, hannu ya tsaya.” Sai ta zo kan Auta ta ɗaga ganyen da ta yanka, gefensa duk haƙora. “Wannan ɗan almakashin naki matsoraci ne, tsinka yake yi. Ki samo babba mai dogon baki, ko a wurin wani tela.”

Ko a wurin wani tela...

Daga gadonta zuwa durowar da Baba yake ajiye almakashinsa taku tara ne. Ta ce sau ɗaya kawai, don ta ji yadda abin yake. Kuma Allah ya sani ta ji. Takardar ta shiga bakin almakashin ta riƙa juyawa da kanta, ganye ya fito da kunnuwa bakwai, yanka ɗaya, ba tsayawa. Matar da ke kusa da ita ta ce, “Ke kam a jininki yake.” Ta yi dariya. Dariya! Rabonta da dariya tun kafin asibiti. Ta ji daɗi, gara ta faɗa: daɗin da ba ta ji ba cikin wata takwas ta ji shi ne a ɗakin da babu Baba, da almakashin Baba a hannunta. Daga takarda marar kauri ta koma mai kaurin fenti, daga nan har kwali ta sa masa. Makon jiya ta lura ya fara nauyi, ta ce ƙila hannunta ne ya gaji.

Hannunta ne ya gaji. Ji fa.

Yau da safe... a'a, kada ta koma can. Amma tana can. Likitar tana lanƙwasa yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya, tana murna, wai sun kai inda za a gwada musu aikin gaske. “Baba, me hannun nan ya fi sani a duniya?” Yaya ma ya zo musamman, yana tsaye bakin ƙofa da waya zai ɗauki hoto. Baba ya yi murmushin nan nasa na rabin baki.

“Auta, ɗauko min almakashina.”

Daga nan ma taku tara. A taku na ɗaya za ta iya faɗa. A na biyar ma. Ta buɗe durowa, ta ɗauko, ta miƙa masa da hannu biyu, 'yar kirki. Har tef ɗin awo ya sa aka rataya masa a wuya. Aka shimfiɗa farin yadi a kan katako bisa cinyarsa, ya ja layi da alli da hannun hagu, layin ya ɗan karkace, ya ce ba komai, almakashi zai gyara. Yatsun suka shiga hannun almakashin, da kyar, amma sun shiga. Ya buɗe. Ya rufe.

Yadin ya naɗe a tsakani. Babu ƙirrr. Tauna yake yi, kamar tsohuwa da nama.

Ya sake. Ya sake na uku, jijiyar wuyansa ta miƙe. Yaya ya sauke wayar a hankali. Baba ya daɗe yana kallon almakashin, ya bi bakinsa da babban yatsa tun daga tsini har wurin noti, sannan ya ajiye.

“Hannun ne. Ya gama aikinsa.”

Likitar, baiwar Allah, ta ce ko a gwada wani almakashin, ƙila wannan ya daɗe a ajiye. Ya girgiza kai. “Ni na wasa shi da kaina kwana biyu kafin in faɗi. Babu wanda ya taɓa shi.” Babu wanda ya taɓa shi... Tana tsaye riƙe da kofin ruwa. Ya cire tef ɗin daga wuyansa ya miƙa mata. “Ki ba wani telan, Auta, kada ya yi tsatsa a banza.”

Yanzu ga tsumman goge kwano. Ta shimfiɗa a tebur, ta kama da kyau, ta sa almakashin. Hannu mai lafiya, ɗan shekara talatin da biyu, bai taɓa shanyewa ba. Ya tauna. Ta sake — ya tauna. To shi ke nan, babu sauran wurin ɓuya. Hannun Baba lafiyarsa lau, ya buɗe, ya rufe, ya yi duk abin da aka ce ya yi. Wata takwas yana matsa ƙwallon roba, yana tsintar maɓalli daga faranti yana zufa, duk don safiyar yau. Ita kuma ta yanka masa safiyar ta yi ganye da ita.

Mai washi! Akwai wani a bayan tashar mota. Ta kai gobe a ɓoye, ta dawo da shi yana sheƙi, ta ce Baba mu ƙara gwadawa... Ba zai gwada ba. Ta san shi. Mutumin da in ya ce riga ta lalace ko mai rigar yana roƙo sai ya farke ta. Ya riga ya yanke wa hannun hukunci, kuma ba abin da zai ɗaga hukuncin sai a kawo masa mai laifin gaskiya. Sai ta tsaya gabansa ta ce: Baba, ni ce. Takarda na ba shi, Asabar bayan Asabar. Sai ya ce wace Asabar, ba kina kanti ba? Sai Yaya ya ji. Sai kowa ya san auta mai haƙuri, wadda ake sa wa albarka a waya, gudu take yi ta je ta yi wasan yara da gam.

Kuma ba wannan ne mafi muni ba. Mafi munin... da ya ce ki ba wani telan, kafin tausayi ya iso, wani abu a ƙasan cikinta ya riga ya ce: ya zama nawa ke nan. Daƙiƙa ɗaya ce, amma ta ji shi sarai. Wace irin 'ya ce wannan? Ita kanta tana jin ƙyamar kanta.

Ta buɗe almakashin har ƙarshe, don hannunta ya samu abin yi. Can ciki, kusa da noti, akwai ɗan tabon shuɗi. Asabar da ta wuce fiffiken tsuntsu take yankawa, lokaci ya ƙure mata, ta jefa shi jaka ba ta goge ba. Tabon fenti ne kawai, amma irin wanda takarda ke bari in ta maƙale ta kwana biyu a wuri... To ina takardar? Ɗazu da yatsan Baba ya zo daidai nan — ya tsaya. Ta gani da idonta. Ya tsaya, sannan ya dunƙule hannun ya sa ƙarƙashin bargo.

Ba ta san ta tashi ba sai da ta gan ta a ƙofar ɗakin, almakashin yana reto a hannunta.

Yana nan yadda ta bar shi, fuska a bango, kafaɗarsa tana hawa tana sauka. Ba barci yake ba, ta san numfashin barcinsa. Hannun dama yana saman bargo. Babban yatsa da manuniya, waɗanda suka yi wata uku kafin su riƙe maɓalli, suna murza wani abu a hankali, gaba da baya. Ɗan mitsitsi, bai kai farce ba. Shuɗi.

Ƙila ya ɗauka zare ne... Tela? Telan shekara arba'in ya kasa bambanta zare da takarda? Mutumin da ya sa ta rufe ido ta saurara — ai tun a rufewar farko kunnensa ya gaya masa. Babu wanda ya taɓa shi. Yaya yake kallo da ya faɗa, ba ita ba. A gaban ɗansa da baƙuwa ya ɗauki laifinta ya ɗora wa hannunsa, hannun da ya sha wuya a kai, ya ce shi ne ya mutu.

To in ya sani, me ya hana shi cin abinci? Wa ya juya wa baya tun safe — hannun, ko...

Kalma ɗaya ce. Baba. Sau ɗari take faɗin ta a rana: Baba magani, Baba ɗaga kai, Baba ruwa. Ta buɗe baki. Yatsun suka daina murzawa, suka tsaya cak, kamar mai jiran a gama awo kafin ya yanka.

Almakashin ya yi mata nauyi ƙwarai.