Neman Waigi a Bakin Kogi

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Waigi ya yi a jirgin fiton da ke tsallakar da motoci kogi, aikinsa kuwa guda ɗaya ne tak. Mota ta hau jirgi ta tsaya, shi kuma ya durƙusa ya cusa mata guntun katako a bayan taya, ya doka da guduma don kada ta gangara. Wannan katakon shi ne waigi. Wanda bai sani ba sai ya raina aikin, masu raini kuwa ba su da iyaka, musamman masu ƙananan motoci masu sanyi da ke sauke gilashi su ce masa kada ya taɓa musu fenti. Shi dai aikinsa yake yi. Sai ya gama bugawa ya miƙe ya faɗi maganar da ya faɗa sau dubu nawa: "A kashe mota, a sa giya, kowa ya fito."

Mutum ɗaya ne kawai wannan magana ke maƙale masa a wuya in ya zo kansa, wato mijin autarsa. Direban babbar mota ne mai dakon siminti, ma'aikatan jirgi suna kiransa Ɗan Latti, don bai taɓa isowa ba sai an fara naɗe igiya. Za a jiyo hon ɗinsa tun daga kan tudu, matuƙin jirgi ya yi tsaki ya ce a jira shi, ya hau a ƙarshe, ya leƙo ta taga yana washe baki. "Baba, barka da aiki!" Baba Mai Waigi ya amsa ƙasa-ƙasa yana kallon taya. Shekara shida da auren, bai taɓa zama sun yi hirar minti biyar ba.

Ranar da abin ya faru, Ɗan Latti ya hau a ƙarshe kamar kullum, amma bai kashe mota ba. Ya sauko da murya ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri yau. Kik ɗina ya mutu, in ta mutu ba ta tashi sai an tura. In na kashe ta, ba mai iya tura ta da wannan lodin, sai na tare wa kowa hanya. Zan zauna a ciki, ƙafata na kan birki."

Da wani ne, da Baba ya sa an mayar da shi tudu. Ya sha yi wa manyan mutane haka. Amma ya dubi fasinjojin da suka zuba ido, ya ga ba zai iya tsinka mijin 'yarsa a gabansu ba. Sai ya kau da kai.

Ruwa ya ja baya a watan, yashi ya taru inda ba a san shi ba. Suna tsakiyar kogi gaban jirgin ya hau tudun yashi ya ɗaga sama. Mutane suka zube, babura suka kifa kan juna. Motar simintin ta yi gaba kaɗan, sannan ta dawo baya da dukan nauyinta, ta tsinke sarƙar bayan jirgi ta faɗa ruwa. Ba a yi minti ɗaya ba ta nutse. Sai washegari masunta suka ciro gawar Ɗan Latti.

An yi bincike, aka ɗora laifin kan yashi da kan birki, ba wanda ya nuna Baba da yatsa. Shi ne ya kama kansa da tambayar da ba wanda ya yi masa: ya sa wa motar waigi ko bai sa ba? Ya tuna murmushin surukin nasa, ya tuna kau da kan da ya yi, daga nan sai duhu. Aikin da hannu ya yi shekara talatin yana yi, ba ya neman izinin zuciya, ba ya kuma barin labari. Ya ƙirga katakansa, huɗu babu, amma ai da jirgin ya karkata komai ya watse cikin ruwa, ƙirgen bai gaya masa komai ba.

Ya je jana'iza ya tsaya a sahun baya. Cikin gidan ne bai shiga ba. Ya kasa haɗa ido da autarsa bai san amsar nan ba.

Sai ya ɗauki hutu ya shiga bin gaɓar kogi. Katako ai ba ya nutsewa. In ya sa waigin, motar ta haye ta kansa da lodin siminti, dole a ga ya tsage, ko a ga baƙin taya a jikinsa. Kullum da safe zai fita da sandarsa yana tona ciyayi, yana leƙa ƙarƙashin kwale-kwale, yana tambayar mata masu wanki. Wasu suka fara cewa tsohon ya taɓu. Ƙafarsa ta tsattsage, ya rame, wandonsa sai ya ƙara wa mazagi ƙulli.

Matarsa ta zuba masa ido har kwana tara. Ran na goma ta dire masa kwanon abinci da ƙarfi.

"Malam, wai kai wane irin mutum ne? Yarinya na can ta ga kowa, har mai sayar musu da gawayi ya shiga ya yi mata gaisuwa, ban da ubanta."

"Zan je."

"Yaushe? In ka gama auna kogin da ƙafa? Kullum sai ta tambaye ni, Inna, Baba fa? Na ce ba ka da lafiya, na ce ka yi tafiya, ƙaryata ta ƙare. Ni ba zan sake ba."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. A ranar ne kuwa wani masunci ya kira shi, ya ciro wani katako daga cikin komarsa. Na Baba ne, ga alamar da yake yi musu da wuƙa. Baba ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Mai hankali zai ce ai saura uku, wannan ba ya nuna komai. Amma mutumin da ya kwana goma ba ya barcin kirki ba ya lissafi irin na masu hankali. Shi a wurinsa an yanke hukunci.

Da la'asar ya isa gidan, katakon na hammatarsa. Takalman Ɗan Latti na nan a bakin ƙofa, manya, duk dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya yi sallama.

Auta na zaune a kan tabarma ta jingina da bango. Ta faɗa sosai. Da ta gan shi ta yunƙura za ta tashi, ya ɗaga mata hannu. Bai zauna a kujera ba, ya tsuguna daga bakin ƙofa kamar baƙo.

"Sannu, Baba. Ashe kana gari."

Maganar ta soke shi, ya kuma san ya cancanta. Ya ajiye katakon a tsakaninsu.

"Auta, abin da ya hana ni zuwa ke nan. Ina jin ban sa wa motarsa waigi ba. Na nema, na nema, ga abin da na samu, ko alamar taya babu. In haka ne, ni na jawo miki. Na zo ki sani daga bakina."

Ta dubi katakon, ta dube shi. Sai idonta ya kawo ruwa, amma muryarta da faɗa ta fito.

"Wannan ne? Saboda wannan ka bar ni kwana goma? Baba, da ka zo ranar farko ai da na gaya maka."

"Ki gaya mini me?"

"Ya kira ni a waya kafin jirgi ya tashi. Kullum in ya hau sai ya kira, ya ce in ɗora masa ruwan wanka. Muna magana ina jin ƙarar guduma. Ya ce, kin ji? Babanki ne a ƙarƙashin motata. Can ya yi dariya ya ce, ga shi ya koma ya ɗauko wani. Kowa ɗaya ake sa masa, ni biyu. Ya ce, tsohon nan sona yake yi, furtawa ce kawai ba zai iya ba."

Baba Mai Waigi ya zauna daɓas a ƙasa. Ya dubi hannuwansa, kamar na wani ne aka ba shi aro.

"Biyu?"

"Biyu. Da kunnena na ji."

Sauƙin da ya zata zai ji bai zo gaba ɗaya ba, don akwai sauran abin da katako ba zai wanke ba.

"Amma na bar shi a ciki, Auta. Da na ce ya fito..."

"Ni ma wata nawa ina ce masa ya gyara kik ɗin nan, in ya yi mini dariya sai in ƙyale shi. Kai ka ƙyale shi, ni na ƙyale shi, wa yake iya masa?" Ta share fuska da gefen mayafinta. "Ni ba amsa nake jira ba, Baba. Ubana nake jira. Abin ya yi mini nauyi ni kaɗai."

Ta matsa gefe ta bar masa wuri a tabarmar. Ya ja jiki ya zauna kusa da ita, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. Ƙashin kafaɗar ya fito, ta ji shi, ta ƙara fashewa da kuka.

"Gaskiya ya faɗa miki," in ji Baba. "Ina son yaron nan. Wallahi ina sonsa."

Ta ce, "Ya sani."