Tayar Sanyi a Garin da Bai San Ƙanƙara Ba

Tun da Saffana ta samu aiki a wani kamfanin batir can arewacin China, inda ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni, unguwar Xiaobei, matattarar 'yan kasuwar Afirka a kudancin ƙasar, ta ɗauka. Daga gidajen abinci har ofisoshin masu tura kaya zancen ɗaya ne: wai 'yar Maradi za ta tuƙa motarta mai lantarki har can, ita kaɗai. Ta ji, ta shanye. Wadda ta yi shekaru tana karatu da Sinanci, tana fitowa aji ta zarce kasuwa yi wa kawunta Alhaji Tankari tafinta, ba tsegumi ne zai kayar da ita ba.

Taya ce ta rage mata. Duk shagon da ta shiga ta nemi ta sanyi, mai laushin roba, wadda za ta ɗauki nauyin batir, sai a kaɗa mata hannu a ce "meyo", wato babu. Da ƙyar wani mai shago a unguwar Huangpu ya yarda ya yo mata oda daga arewa, har da ƙananan wili.

Ana gobe za ta karɓa, Kawu ya ari motar. Ya dawo da la'asar tare da amininsa Barmo, an ɗaura mata wasu tiƙa-tiƙan tayoyi masu haƙora kamar na tarakta, wili sai sheƙi yake.

"Kyauta ce, ɗiyata. Irinsu ke ratsa Agadas. In kin shiga ƙanƙarar, ki rage musu iska yadda muke yi a rairayi."

"Yo ai rairayin ne, fari dai aka yi shi," in ji Barmo.

Saffana ta daɗe tana kallon tayoyin. Ta san wannan ne karo na farko da Kawu ya nuna ya yarda da tafiyar. Ta kuma san robar nan in ta sha sanyi dutse take zama, santsi ya kwashe mota, ga cin caji.

"Na gode, Kawu. Amma ba zan hau su ba."

"Bokon ne ya koya miki mayar da hannun kyauta baya? A gaban mutane?"

"Ban taɓa yi maka musu a kan kaya ba, don sana'arka ce. Wannan tawa ce. Ba zan je in kife a hanya don kunya ba."

"To, in kin cire su, kin cire ni."

Ta rusuna, ta miƙa hannu biyu. Ya jefa makullin a kan mota ya juya.

Washegari aka cire su a Huangpu aka ɗaura na sanyin, ta sa aka kai wa Kawu nasa har sito. Ta kira shi don sallama, bai ɗaga ba. Ta bar masa saƙon gaisuwa cikin ladabi, ta cika caji, ta ɗauki hanyar arewa.