Tsumma a Hanyar Iska

Surajo bakanike ya ɗora tafin hannu a bakin ƙofar iskar iyakwandishan ɗin motar, ya yi jim, sannan ya taɓe baki.

"Tana hurawa, Alhaji, amma kamar numfashin mara lafiya."

"Wata uku ke nan ina faɗa," in ji Alhaji Mainasara daga kan bencin gareji, yana fifita da hularsa. "Fijo ce fa, a ledarta na ɗauko ta daga Kaduna. Gareji biyu sun ɗura wa iyakwandishan ɗin nan gas a banza. Yau ba na barin Tudun Wada sai ta yi sanyi."

Inuwa direba yana tsaye a gefe. Shekara goma sha bakwai yana jan Alhaji tsakanin gonakinsa na Doguwa da kasuwanni, bai taɓa tsoron bakanike ba sai yau, don shi ya san abin da ke damun motar. Da damina Alhaji ya kwana goma sha ɗaya a asibiti da ciwon ƙirji, likita ya hana shi sanyi. Inuwa ya roƙe shi ya rage iyakwandishan, Alhaji ya ce motar tasa ce, ƙirjin ma nasa ne. Shi ne Inuwa ya cusa tsumma a hanyar iskar. Ya kuma sani sarai, Alhaji yakan yafe ɓarna, amma wanda ya yi masa dabara a bayan ido, ranar zai bar masa aiki.

Shi kuwa Surajo, Allah ya yi shi da bin diddigi. Ya buɗe bonet ya danna bel ɗin inji, ya ji shi tamau. Ya leƙa ɗan gilashin gas, babu kumfa. Ya wanke kwandensan da ke gaban inji, ya fitar da ƙaiƙayi da matattun fari. Sannan ya kama bututu, ya janye hannu da sauri.

"Sanyin yana nan. Hanya ce bai samu ba."

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa a waje. Inuwa ya shiga salati a zuci. Ba a jima ba hannun Surajo ya fito da tsumman, a ninke huɗu, an ɗaure shi da waya.

"Ko ɓera ne?" in ji Alhaji.

"Ɓera ba ya ninki, Alhaji."

Surajo ya faɗi haka, sai ya ga fuskar direban, ya yi da-na-sani. Inuwa ya ga Surajo yana laluben ƙaryar da zai rufa masa asiri da ita, kunya ta kama shi. Da furfurarsa, wani zai yi ƙarya dominsa? Ya matso ya rusuna.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Tarinka nake ji a bayana kullum, na kasa jurewa."

Alhaji ya miƙe daga bencin. Ya mayar da hularsa, ya sallami Surajo, ya shiga baya ya ja ƙofa.

Suka kama hanyar Doguwa. Motar ta yi sanyi ƙalau, har yatsun Inuwa suka fara ƙagewa a kan sitiyari. Yana tuƙi yana tunanin yadda zai gaya wa Hauwa matarsa, da kuma wanda zai ɗauki direba mai shekara hamsin da biyar. Baƙin ciki ya cika shi, amma da ya binciki zuciyarsa bai sami nadama ba.

Suna shiga dajin Falgore tarin ya soma. Alhaji ya danne shi, ya ƙi dannuwa, har idanunsa suka kawo ruwa. Inuwa bai taɓa maɓallin iyakwandishan ɗin ba, bai kuma dubi madubi ba.

"Inuwa."

"Na'am, Alhaji."

"Tsumman nan, ka baro shi?"

"Yana aljihuna."

Suka wuce garken shanu a bakin titi kafin Alhaji ya sake magana, fuskarsa a waje.

"Ninki huɗu ya yi yawa. Ka yi masa biyu. Gobe ƙarfe bakwai za mu Bebeji, kada ka makara."