Babu "Ta Ce" a Kwanar Bene

Mai hoto yana saman bene, ƙaninsa mai buga takardu yana ƙasa. Ciki ɗaya suka fito, amma tun wata magana da matansu suka yi ta kaiwa da komowa, ko gaisuwa sai da ka. Ba a faɗin wadda ta fara, amma mai dogon bakin an san ta. Kwamfutocin sama na hira da junansu, na ƙasa ma haka, tsakani kuwa gaba. Abin na cin mai hoto, girman kai ya hana shi sauka.

Sai 'yarsa ta gamo karatu, wadda ake kira Injiniya. Ta jawo wata tsohuwar kwamfuta, ta ƙara mata bakin soka waya na biyu, ta girke ta a kwanar bene. Waya ɗaya ta hau shagon sama, ɗaya ta gangara na ƙasa, kowane baki da adireshinsa.

"Baba, ga 'yar aike. Abin da sama ta ba ta, ta miƙa ƙasa. Komai ya wuce, ko ta tace?"

Kunnen dattijo ya fara nauyi. "Ta ce? Ta ce, ta ce, ai shi ya raba ni da ɗan'uwana! Kar ki kuskura. Abin da na faɗa ya isa yadda na faɗe shi."

Injiniya ta buɗe baki za ta gyara, ta fasa. "To fa Baba Ƙarami zai ga kayan cikin kwamfutocinka."

"Ya gani mana. A baho ɗaya aka yi mana wanka."

Ta shiga saitin kwamfutar, ta mai da wani sifili ya zama ɗaya don buɗe ƙofar saƙo, ta nuna wa kowane ɓangare hanya. Saura ƙanin ya yarda ya soka wayar da ke reto a ƙofarsa.

Mai hoto ya ɗauki hoton 'yarsa tana tsugune gaban aikinta, ya tura shi zuwa injin buga takardun ƙanin, ya zauna yana goge kyamarar da ba ta da datti. Can sai ga takun mutum a bene.

Ƙanin ya leƙo, rungume da hoton, an buga shi ƙato kamar ƙyaure.

"Yaya, har yau ba ka iya haske ba. Dubi yadda ka dusashe mana 'ya."

"Tawadarka ce ta banza."

"Matsa in zauna. A shagona za a rataye shi, kowa ya ga Injiniyarmu."

Mai hoto ya matsa, har da share masa benci da hannun riga.