Askar Baba Abbagana

Shekara goma sha huɗu Dakta Khairat ta yi tana bin sawun ciwon dajin hanta a ƙasar Mubi. Abokan karatunta sun buɗe asibitoci sun ajiye tumbi, ita kuwa tana yawo da takardar tambayoyi daga garin Uba zuwa Belel, har dangi suka sa mata suna mai ƙidayar gawa. Ba ta musa ba. Yawancin waɗanda ta rubuta ba sa ganin damina biyu.

Ta san ƙwayar cutar hanta kan shiga jinin jariri ta yi lamo, sai bayan shekara talatin ta zama daji. Ƙofar shigarta take nema. Shi ya sa take tambayar kowa wanzamin da ya cire masa beli yana jinjiri.

A Mugulbu, wata manomiya mai suna Susana, wadda cikinta ya kumbura kamar tulu, ta amsa da fara'a.

"Baba Abbagana na bakin rafi mana. Duka yara na gidanmu shi ya yi. Hannunsa yana da kyau, Dakta."

Khairat ta rubuta. Wannan ne karo na arba'in da ɗaya da ta ji sunan, kuma Baba Abbagana mahaifinta ne. Da askar da ya gada daga Borno ya ciyar da su, da ita ya kai ta jami'a. Tun tana ƙarama take ganinsa yana goge ta a tafin hannu, ya ce wa na gaba bismilla.

Wata uku tana haɗiye maganar. Lissafi ba ya rantsuwa, haka take faɗa wa kanta, amma tsoro ne kawai, ta kuma sani.

Sai idanun yayanta Mu'awiya suka yi ɗorawa. Hoton asibiti ya nuna abin da ta saba gani a cikin 'ya'yan wasu.

Ranar Juma'a da hantsi ta tarar da tsohon a tsakar gida, ya kwantar da Mu'awiya kan tabarma, ya fito da ƙaho da askar zai tsotse masa mugun jini. Ta riƙe masa hannu.

"Baba, ka ajiye ta."

"Uwata, ke da bokonki. Mutum nawa ta warkar?"

Ta durƙusa ta faɗa masa duka, a hankali, har da sunan Susana. Ya daɗe yana kallon askar.

"Duk waɗanda na taɓa?"

"Ba duka ba, Baba. Da yawa dai."

Ya dubi ɗansa, sannan ya ɗaga yatsa ya shafi 'yar tsagar da ya yi mata a kumatu ranar sunanta.

"Ke fa?"

Shekara shida ke nan da ta ga ƙwayar a sakamakon gwajin jininta. Ta sunkuyar da kai.